Fatihar Badarawa

Shinkafi, Agusta 2000

Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Mubashir da sauran yara. Yaya gwiwar? An ce mini har yanzu sai da sanda kike kaiwa bakin zaure. Allah ya ƙara sauƙi. Inna Hindu tana gaishe ki. Tarin ya sake ta, har ta koma faɗa da jikoki, kin kuwa san gwaggonki, in ta fara faɗa ta warke.

Ba na son ki ji maganar nan a bakin wani. Na ajiye kujerata ta darakta a Kamfanin Sodangi, na miƙa wa sakatare takarda. Tun ina saurayi Kawu Sodangi, Allah ya jiƙansa, ya sa ni gaba ina bin ƙauyuka da irin auduga da taki, in kaka ta yi in koma da sikeli. Shi ya ba ni kujerar nan da hannunsa. Amma tun da ya rasu kika zama shugaba, in na yi magana a zaman daraktoci sai ka ce iska ta kaɗa. Bana kuma an ɗora Mubashir manaja a kaina, yaron da na koya wa bambance auduga mai kyau da mai ƙasa. Ban ƙi shi ba, ɗanki ai ɗana ne. Amma gemuna ya fara fari, ina so in gwada nawa kafin ƙarfi ya ƙare.

Ni da wani abokina Isah za mu buɗe namu ƙaramin kamfani a nan Shinkafi. Motar kamfani na mayar, makullin sito na mayar, ko allura ban ɗauka ba.

To 'yar kawu, kin daɗe kina cewa ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Yau dai bawanki ya tsere, sai ki nemi wani mai ɗauko miki buta.

Taubashinki,
Maitama

Ƙauran Namoda, Satumba 2000

Maitama,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan yadda ka san ta, in hadari ya haɗo ita ke fara sanar da ni. Ka gaida Gwaggo, ga man zafi nan na ba direba ya kawo mata.

Takardarka ta same ni, kuma ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Ƙaura da Shinkafi tafiyar nawa ce da ba za ka zo ka zauna gabana ka faɗi abin da ke cinka ba? Mubashir takardu ya iya, kai ƙauye ka iya, na ɗauka kowa da inda ya dace. Ashe kai kana can kana haɗiyar zuciya. To shi ke nan. Ban isa in ɗaure babban mutum da igiya ba. Allah ya sa alheri a abin da ka sa gaba, ƙasar Zamfara da faɗi, auduga ba ta ƙare ba.

Sai dai abu guda. Badarawa da Birnin Tsaba, bana irinmu ne a ƙasarsu, takinmu ne, kai ka kai musu da farkon damina. Da audugarsu na yi wa masu gurzar auduga na Gusau alkawari, kuma ka san bara ba mu cika ba, sun ce in an sake za su nemi wasu. In bana ta kuɓuce, kamfanin Baba ya rufe. Saboda haka ka ji ni da kyau: ka kuskura ka kai sikelinka garuruwan nan biyu, wallahi sai na sa an kama mini kai, na kai ka kasuwar Shinkafi ranar Alhamis na sayar, ko da kuɗin goro ne. Bawa ba ya tserewa da hatsin uwargijiyarsa.

Ina jiran amsarka a kan wannan.

Yayarka,
Mairama

Ƙauran Namoda, farkon Nuwamba 2000

Maitama,

Sallama irin ta Musulunci, don ita ba a hana ta. Lafiyarmu lau. Ina fatan Gwaggo tana lafiya, ita kam ba ta yi mini komai ba.

Wata biyu ban ga amsarka ba, na ce a raina ai shiru ma amsa ce, ya ji, ya yarda. Ashe ni ce sakarya.

Shekaranjiya Mubashir ya ɗauki sikeli da buhuna ya nufi Badarawa don a share fuloti, wurin awon auduga. Me zai tarar? An riga an share, an kafa rumfa, ga allo da sunanka da na Isah. Ya je wurin Tambari, shugaban manoma, ya gaishe shi, ya ce daga Kamfanin Sodangi yake. Ka san abin da tsohon nan ya ce masa? Ya ce: “Yaro, mu ba mu san kamfani ba. Maitama munka sani. Da shi munka shafa fatiha ranar da anka raba iri, shi za mu ba kaɗarmu, duk audugar da munka noma.” A Birnin Tsaba ma maganar ke nan, kamar sun haɗa baki. Yaron nan ya dawo ko abinci bai iya ci ba.

Haba Maitama! Kai da ka ce ko allura ba ka ɗauka ba? Allurar me zan yi da ita? Ka bar mini makullin sito, ka tafi da abin da za a zuba cikin siton. Kuma mai filin ya gaya wa Mubashir cewa tun watan Yuli Isah ya zo ya kama wurin. A watan Yuli kana ina? Kana zaune damana a zaman daraktoci, kana shan shayina, ana maganar motoci nawa za mu tura Badarawa, kai kuma kana gyaɗa kai.

Na kira lauya, ba don ina so ba. Ya ce darakta ɗan amana ne. Ya ce in ya ajiye kujera yana da ikon buɗe nasa, yana da ikon amfani da abin da ya iya, ba wanda zai ƙwace masa sanin auduga daga kansa. Amma abin da kamfani ya riga ya ɗora a wuta, wanda ya san da shi don yana kan kujera, murabus ba ya halatta masa ya sauke ya ci. Ya ce amanar irin wannan tana bin mutum har bayan ya fita ƙofa. Na ce to a yi ƙara. Ya ce maganar kamfani sai babbar kotu a Sakkwato, kuma kafin a saurare mu audugar ta zama riga a jikin mutane. Ina jin da wannan ka dogara.

Ban taɓa zaton hannun da zai rufe kamfanin Baba daga ɗakin Gwaggo zai fito ba. Ka cire allon nan.

Mairama

Shinkafi, tsakiyar Nuwamba 2000

Hajiya Mairama,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta ga fuskata bayan na karanta takardarki, ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, zagi ne kawai daga Ƙaura.

Da farko, maganar shiru. Na yi makonni a Jibiya da Maraɗi neman sikeli. Da na dawo na karanta waccan takarda, na ga kin ce za ki sayar da ni ranar Alhamis da kuɗin goro, dariya na yi har na karanta wa Isah. Tun muna yara kike sayar da ni, ba ki taɓa samun mai saye ba. Yaya zan san wannan karon da gaske kike? In gargaɗi za ki yi, ki yi shi a matsayin shugabar kamfani. In wasa za ki yi, ki yi a matsayin taubashiya. Kin cuɗa su wuri ɗaya, yanzu kuma laifin nawa ne.

Na biyu, kin kira ni maci amana, ko da ba ki rubuta kalmar ba. To bari in tambaye ki. Kin taɓa taka Badarawa? Mubashir ya san sunan matar Tambari da ta rasu? Ni na ɗauke ta a mota zuwa asibitin Ƙaura, ni na dawo da gawarta. Shekarar da tsutsa ta cinye Birnin Tsaba, ni na kwana a gonakinsu da abin feshi a bayana. Mutanen nan ba sa sa hannu a takarda, kin sani. In an raba iri, sai dattawa su zauna ƙarƙashin tsamiya, a ɗaga hannu, a shafa fatiha cewa wanda ya kawo iri shi za a ba amfani. Hannun wa aka ɗaga? Kamfani yana da hannu? Yana alwala? Yarda ce tsakanina da su, da zufata na same ta, ba a cikin ofishinki na tsince ta ba. Irinku da takinku kuwa ban ce zan ci ba, za a mayar muku da abinku daga awon farko.

Maganar Yuli, e, Isah ya kama fili. Ni ban sayi ko ƙulli ɗaya na auduga ba sai da na ajiye aiki. Mutum ba ya rushe bukkarsa sai ya ga inda zai kwana.

Ki bar tsorata ni da lauya da dokar Bature. Yanzu a jihar nan Shari'a ake yi. In kin yarda da gaskiyarki, mu bar Sakkwato, mu je gaban alƙali a nan Shinkafi ya raba mu kafin azumi. Abin da ya yanke na ɗauka, na rantse. Sai mu ga ko a littafinsa akwai inda aka ce allon kamfani yana shafa fatiha.

Maitama

Ƙauran Namoda, Nuwamba 2000

Maitama,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Na yarda. Gwiwa ba za ta bar ni in zo ba, Mubashir zai tsaya mini. Kai ka zaɓi wurin, kai ka rantse, ni ban sa ka ba. Takardar taka na adana.

Game da matar Tambari, Allah ya ba ka lada. Amma da man fetur ɗin wa motar ta tafi Ƙaura?

Mairama

Shinkafi, jajibirin azumi

Hajiya,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, in ban da ni. Allah ya sa mu ga watan da alheri.

Na san Mubashir ya kawo miki labari da gudu, amma zai ƙara gishiri, gara ki ji daga bakin wanda aka kayar.

Alƙali ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Na faɗi maganar tsamiya, na faɗi ta tsutsa, har na ga yana gyaɗa kai, na ce a raina an gama. Sai ya ce: “Malam Maitama, ranar da aka shafa fatihar nan, kai ka kai kanka Badarawa ko aiko ka aka yi?” Na ce aiko ni aka yi, amma ni suka sani. Ya ce: “Irin da ka raba, naka ne?” Na ce a'a. Ya ce: “To kai wakili ne a ranar. Abin da wakili ya ƙulla a cikin wakilcinsa na wanda ya aiko shi ne, ko da mutanen ba su taɓa ganin fuskar mai aiken ba. Wanda aka aika neman aure ba ya dawowa ya ce shi aka ba.” Mutane suka yi dariya. Na ce Allah gafarta malam, ai na ajiye aikin. Ya ce: “Ka ajiye aiki, ba ka ajiye amana ba. Amana ba a ajiye ta a hanya, kai ta ake yi inda aka ce.” Kan filin Yuli kuwa ya yi mini faɗan da ko Kawu bai taɓa yi mini ba.

Hukunci: audugar Badarawa da Birnin Tsaba ta bana taku ce. In cire allona. Daga baɗi, in na je da irina da ƙafata, ba mai hana ni.

Na gudu daga lauyanki na zo na tarar da maganarsa a bakin alƙali, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban ji daɗi ba, kuma har yanzu ina ganin an ba mai kujera abin da mai zufa ya tara. Amma na rantse. An cire allon jiya. Isah ko kallona ba ya yi, shi da ya sayar da shanunsa ya shigo.

Kin ci. Ki aika ɗanki ya kwashe.

Maitama

Ƙauran Namoda, cikin azumi

Maitama,

Salamu alaikum, ya ibada? Ka gaida Gwaggo, ka ce ta bar azumin nan in ya fi ƙarfinta, Allah ya yi mata rangwame.

Ban so rubuta wannan takarda ba. Sau biyu ina yagawa.

Mubashir ya koma Badarawa da takardar alƙali. Tambari ya karɓa, ya juya ta, ya mayar masa, ya ce: “Alƙali ya yi gaskiya, amma ba da alƙali munka ɗaga hannu ba. Hannun da munka shafa da shi, shi za ya amshi kaɗa. In kamfani ya aiko shi, to kamfani shi sake aiko shi.” Kwana da kwanaki yaron nan yana zaune gaban sikeli da azumi a bakinsa, ko buhu ɗaya ba a kawo ba. Audugar tana jibge a ɗakunan mutane kusa da murhu, awaki na ja, 'yan baranda daga Katsina sun fara zagayawa. Masu gurza sun aiko mini cewa bayan Sallah ba za su ƙara jira ba.

Kada ka yi murmushi, ina ganinka daga nan. Kai ka jawo wannan. Shekara da shekaru kana zuwa da motarmu, ba ka taɓa buɗe baki ka ce musu ga wanda ya aiko ka ba, ka bar su suna cewa irin Maitama, takin Maitama, don yana yi maka daɗi. Ni ma da nawa, na zauna a Ƙaura na bar fuska ɗaya ta zama kamfani.

Alƙali ya ce amana kai ta ake yi inda aka ce. Ba ka kai ba tukuna, cire allo kawai ka yi. Ka je ka tsaya a sikelinmu har a gama awo. Ba wasa nake ba, ba taubashiya ke magana ba, kuma ba umurni ba ne, don ba ni da iko da kai yanzu. Roƙo ne, kuma yana yi mini ɗaci.

Mairama

Shinkafi, bayan Sallah, Janairu 2001

Hajiya Mairama,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Inna ta kai azuminta duka, ta ƙi jin maganar kowa. Ta ce in gaya miki rabon da ta ga an yi Sallah ba tuwonki a gidan nan tun kina amarya.

Na je. Ba don ke ba, don rantsuwata. Sauran azumin nan duka a rana na yi shi, ina ɗora buhu a sikelin da na bari, Mubashir yana zaune a inuwa yana rubutawa. Mutanen da na yi wa alkawarin zan saya da sunana suna zuwa suna kallona, wani ya ce ashe an dawo da kai. Na haɗiye. Isah ya kwashe sikelinmu ya tafi Jibiya, ko sallama bai yi mini ba. Birnin Tsaba mun gama kafin Sallah, Badarawa jiya.

Abin da ya faru jiya shi ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ɗanki ba zai iya faɗa miki daidai ba.

Da aka ɗaure mota ta ƙarshe, Tambari ya tara dattawa ƙarƙashin tsamiya. Ya ce an yi awo lafiya, ba a tauye kowa ba, saboda haka a shafa fatihar baɗi tun yanzu, Maitama ya kawo iri, a ba Maitama kaɗa. Ya ɗaga hannu, duk suka ɗaga.

Ni kuwa ina tsaye kusa da sikelinki, aikenki ya kawo ni. In na ɗaga hannu a wurin nan, da hukuncin alƙali baɗi ma taki ce, na sake yi miki noma a banza. In na ce a raina tawa ce, na sake cin abin da aka hana ni. Sai na bar hannuwana a ƙasa. Na ce: “Baba Tambari, ka yi haƙuri, yau ɗan aike nake. Ka bari in dawo da ƙafata.” Mubashir, Allah sarki, ya yi sauri ya ɗaga nasa, ko mutum ɗaya bai waiwaye shi ba.

Kin san abin da ake nufi da dattijo ya ɗaga hannu a gaban garinsa a bar shi da shi a sama? Ba ki sani ba, ba ki taɓa zuwa ba. Ya daɗe a haka yana kallona. Sannan ya sauke, bai shafa ba. Ya ce: “Tun kakanninmu ba a taɓa tambayar fatiha ta wa ce ba. Tunda ta zama abin kai wa alƙali, ku riƙe irinku, kai da 'yar'uwarka. Baɗi gero za mu shuka, shi ba ya son sikelin kowa.” Ya tashi, suka bi shi. Na bi shi har ƙofar gida, ya sa aka ce mini ya kwanta. Da safen nan aka gaya mini maganar ta riga ta kai Birnin Tsaba.

Ina jin haushinki, ina jin haushin kaina, ban san wanda ya fi ba. Na kai amanar inda aka ce, ba sauran abin da ke tsakanina da Kamfanin Sodangi.

Motoci sun taso, za su iso Ƙaura kafin la'asar. Ki sa a buɗe sito, ki sa a kawo miki kujera bakin ƙofa ki ga shigar kayan. Auduga ce mai kyau, fara tas, Kawu zai so ta. Ita ce ta ƙarshe da za ta fito daga Badarawa.

Maitama